Maus Ɗin Shagon Alhaji Ɗanladi

Ranar Litinin da safe mutanen unguwar Bayan Tasha a Dutse suka tashi suka tarar an manna takardu a bangon masallaci, wasu a jikin famfon alwala, wasu a sandunan wuta har bakin titi. Abin da ke ciki cin mutuncin Liman ne, Malam Abdulrauf. Wai tsufa ya cinye shi har yana tsallake aya a sallah, wai kwanon rufin da aka kawo wa masallaci ya sauka a ɗakin ɗansa. A ƙasa an rubuta Masu Kishin Unguwa, ƙungiyar da ba wanda ya taɓa jin labarinta.

Ba a sha wahalar gano inda aka buga takardun ba. Kowace tana da wani siririn baƙin layi daga sama har ƙasa ta gefen dama, kuma duk wanda ya taɓa buga katin biki ko takardar neman aiki a unguwar ya san layin nan. Firintar shagon Alhaji Ɗanladi ce ke yin sa. Na gaya wa Alhaji ya canza abin da ya lalace a cikinta har bakina ya gaji, kullum amsarsa ita ce ai tana bugawa.

Mai buga takardu a shagon kuwa Nanret ce, 'yar Filato, wadda ta zo Dutse wajen yayanta Davou, ma'aikaci a sakatariya. Lokacin ba a daɗe da ƙaddamar da shari'a ba, ga rikicin Jos bai gama hucewa a zukatan mutane ba. Kowa kunnensa a tsaye yake. Kafin hantsi an cika ƙofar shagon, kuma an riga an gama shari'ar a baki: ita ce ke da makulli, ita ce ta iya na'urar, sannan wata ta ce ta taɓa jin ta tana tsaki ranar da Liman ya yi huɗuba a kan suturar mata. Mai ɗakin da take haya ya aiko cewa ta nemi wani wuri. Mai unguwa ya rufe shagon ya ce a ba shi zuwa Juma'a, domin ya san in aka sauko daga masallaci ba a sami mai laifi ba, ba shi da ƙarfin tare jama'a.

Daga nan aka aiko a kira ni.

Sunana Ɗan'inna, gyaran kwamfuta ne sana'ata. Mahaifina a ƙasar Taura bin sawu yake yi. A saci saniya a ruga, ya tsuguna ya dubi ƙasa, ya miƙe ya kama hanya har ƙofar gidan da ta kwana. Na bi shi daji ina yaro, daga baya na tafi Kano na karanto lantarki don in huta da bin kashin shanu. Ban huta ba. Mutanen Dutse suna jin ko ɗan wane ne ni suka ɗauka gado ne, akuya ta ɓata ni, keke ya ɓata ni, har wata ta taɓa zuwa in nemo mata miji da ya tafi Legas bai dawo ba. Wannan karon ne kaɗai aka kira ni a kan abin da ya shafi aikina.

Mai unguwa ya ba ni makullin, ya ce in shiga da yarinyar kawai. Ta zauna a kan benci ta haɗa hannu a cinya, idonta ya yi ja amma ba ta kuka.

"Oga Ɗan'inna, ni ina coci jiya. Ina cikin mawaƙa, kowa ya gan ni."

"Kin gaya musu?"

"Na gaya musu. Suka ce ai duk 'yan'uwana ne, dole su goya mini baya."

Na kunna kwamfutar. Na duba inda take ajiye ayyukanta, babu takardar zagin. Na duba kwandon shara, inda duk abin da aka goge ke faɗawa, babu. Wannan bai ba ni mamaki ba. Wanda ya san kan na'ura zai iya bugawa ya fitar ba tare da ya ajiye ba, ko kuwa ya danne madannin Shift lokacin da yake gogewa, abin ya wuce bai bi ta kwando ba. Ko ma wane ne, ba ranar ya fara taɓa kwamfuta ba.

Sai dai tun da na kama maus na ji abin ba daidai ba. In na danna madannin hagu da manuniya kamar yadda kowa ke yi, maimakon abu ya buɗe sai wani ɗan akwatin zaɓi ya fito. Na sake, ya sake fitowa.

"Haka ya yi mini da safe," in ji Nanret. "Na zo na kunna kafin mutane su taru. Da farko shuɗin allon nan ya fito yana duba kansa, irin na in wuta ta ɗauke tana aiki. Ni kuwa ranar Asabar lafiya na kashe ta. Sannan maus ya ƙi. Na ɗauka baros ne."

"Wa kika gaya wa?"

"Wa zai saurare ni yau?"

"To kada ki gaya wa kowa, ko Davou."

Ba baros ba ne, wato cutar nan da ke shiga kwamfuta. A cikin saitin maus akwai wani ɗan gurbi da mafi yawan masu kwamfuta za su mutu ba su san da shi ba. In ka danna shi madannan biyu sai su yi musaya, na dama ya koma yin aikin na hagu. An yi shi ne domin bahagwai, don su ma su danna da manuniyarsu. Na leƙa na tarar an danna gurbin, na bar shi yadda na same shi.

Sai na yi abin da mahaifina ke yi, na tsuguna. Maus ɗin yana gefen dama a mazauninsa, amma wayarsa ba ta kan ƙusar da na kafa mata da hannuna. Ta zagaya ta bayan allon, ta biyo ta hagu, sannan ta ratso gaba. Tarin farar takarda da ke zama a gefen hagu an ture shi can ƙarshen tebur. Wani ya zauna nan, ya ɗauke maus ya kai hagu, ya gyara shi yadda zai ji daɗin aiki. Ya gama, ya mayar da shi dama, wuta ta ɗauke kafin ya mayar da saitin.

Maƙwabciyar shagon Laraba ce, mai ƙanƙara da zoɓo. In kana son sanin lokacin da aka kawo wuta da lokacin da aka ɗauke a Bayan Tasha, ita za ka tambaya, domin firjinta ne abincinta.

"Jiya? Sun kawo da safe, kafin azahar suka ɗauke, ba su dawo da ita ba sai yau gari ya waye. Ƙanƙarata duk ta zama ruwa."

"Kin ji motsi a shagon Alhaji?"

"Na ji kukan injin nan na takarda. Na ce a raina yau 'yar Jos ba ta je cocinta ba."

"Kin gan ta?"

"Ina cikin gida ina tace zoɓo, ina zan gan ta?"

"Amma kin gaya wa mutane ita ce."

"Ni cewa na yi na ji inji. Su suka ƙarasa."

Na yi mata sallama. Na dai samu abu guda: an yi aikin ne da safiyar Lahadi, kuma mai aikin bai tada janareta ba domin ƙararsa za ta fito da rabin unguwa.

Alhaji Ɗanladi na same shi a rumfarsa ta hatsi, yana ta jan tsaki a kan an rufe masa shago. Shi bai san kunna kwamfuta ba, ya saye ta ne domin ya ga wani abokinsa a Ringim ya saya. Na tambaye shi makullai nawa ne.

"Ɗaya wajen yarinyar, ɗaya wajena."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Sai dai na wajen Malam Muntaka, amma wannan ba a lissafa shi."

"Don me ba a lissafa shi, Alhaji? Ba ya buɗe ƙofa ne?"

"Kai Ɗan'inna, Malam Muntaka fa na ce. Sakataren kwamitin masallaci. A zaurensa muke ajiye janareta, shi ya sa na bar masa makulli amana."

"Naka fa, yana hannunka jiya?"

Ya lalubi aljihu, ya dubi sama, ya ce kamar Yahuza ya karɓa ranar Asabar. Yahuza ƙanin matarsa ne. Wato makullai biyu da Alhaji ya fara faɗa mini sun zama uku, ɗaya ma ba ya wajen mai shi. Na rasa ko in yi dariya ko in zauna a kan buhun gero in yi kuka.

Yahuza akawu ne a wata ma'aikata, ya yi kwas ɗin kwamfuta a Kano, kuma ba ya barin ka manta da hakan. Ina shiga ofishinsa na ga babban yatsansa da manuniya sun yi tsalle a kan kibod, allon ya canza nan take zuwa wata wasiƙa. Na san wannan tsallen. Alt da Tab ne, gajeriyar hanyar da ke ɓoye abin da kake yi ta fito da wani.

"Ina kake jiya da safe?" na tambaye shi.

"Ina Ringim ɗaurin aure."

"Na wa?"

Ya faɗi wani suna. Na ce ai wannan auren an ɗaura shi tun kafin damina, ni ma na je. Gumi ya karyo masa. Na miƙa hannu na danna Alt da Tab da kaina, sai ga karta shimfiɗe a kan koren allo. Ya tashi ya turo ƙofa.

"Don Allah Ɗan'inna ka rufa mini asiri. Wallahi ba caca ba ce, ni kaɗai nake yi da na'ura. Amma ka san yadda gari yake yanzu, in aka ce Yahuza yana karta wa zai tsaya ya ji bayani?"

Ashe abin da yake karɓar makullin yi ke nan. Ya je shagon bayan azahar ranar Lahadi, ya tarar ba wuta, ya juya. Da ya ji abin da ya faru sai ya ƙirƙiro ɗaurin aure. Na ɓata rabin yini a kan babban mutum mai 'ya'ya da ke ɓoye wasan yara. Na sa shi ya rubuta mini sunansa, na kalli yadda yake jan maus a ofis. Da dama yake komai, kuma cikin sauƙi.

To aikin ya koma neman bahago, kuma a nan ne na gane na shiga uku. A ƙasarmu ba a barin yaro ya girma da hagu. Da an ga ya kai ta kwano sai a buge hannun, da ya ɗauki alƙalami da ita sai a karɓe a sa masa a dama. Kafin ya yi hankali ya koyi ɓoye ta. Na yini Talata ina zagaya unguwa ina kallon hannuwan mutane kamar mai neman sayen zobe. Mai shayi da dama, mahauci da dama, kowa ya gaisa da dama ya karɓi canji da dama. Malam Muntaka na iske shi a ƙofar makarantar da yake koyarwa yana sa hannu a jarrabawar ɗalibai, shi ma da dama, rubutu mai kyau a tsanake. Ya tarbe ni da fara'a, ya ce makulli yana rataye a zaure inda yake kullum, zauren kuwa a buɗe yake wuni, kowa na iya shiga. Ya ƙara da cewa shi tun farko yana ba da shawarar a bi a hankali, kada a zalunci baiwar Allah.

Na koma wajen Nanret a gidan yayanta, inda ta ɓuya. Davou ya riga ya fara ɗaure kaya a buhu. Na tambaye ta su wa ke zama a kujerarta in ba ita ba.

"Yahuza, in ya ga Alhaji ba ya nan. Sai Malam Muntaka, in ya kawo jarrabawa yakan zauna ya gyara da kansa. Ya iya sosai, ya san inda komai yake. Maus ne kawai ke ba shi wuya, hannunsa yana rawa, sai ya kai ya wuce ya dawo."

Mutum ya san inda komai yake amma maus ya gagare shi. Na riƙe wannan, na nufi gidan Liman.

Malam Abdulrauf yana zaune a kan buzu a zaurensa. Tun da abin ya faru bai ce uffan a kai ba, yana fita ya ja sallah ya dawo. Na durƙusa na gaishe shi, muka taɓa hira, sannan na kawo maganar a karkace.

"Allah gafarta Malam, cikin yaran da suka yi karatu a gabanka an sami bahagwai?"

"An samu mana. Duk na gyara su. Mai taurin kai nakan ɗaure masa hannun a baya har ya saba." Ya yi murmushi, sai kuma murmushin ya tafi. Ya dube ni. "Me ya kawo wannan tambayar?"

"Wanda ya buga takardun nan da hagu ya yi aiki."

Ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Na jira sunan, bai zo ba. Da na matsa sai ya ce zato zunubi ne, shi ba zai ambaci kowa ba. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ga yarinya ana shirin korarta daga gari, ga wanda aka zaga ya san wanda ya zage shi ya yi gum. Amma dattijo ne, na yi godiya na tashi.

Ranar Alhamis bayan la'asar na roƙi mai unguwa ya tara mini mutane a shagon. Aka zo da Liman aka ba shi kujera. Ga Alhaji Ɗanladi, ga Yahuza yana ta share goshi, ga Malam Muntaka, ga Nanret da Davou a tsaye a bakin ƙofa, da dattawa biyu na kwamitin masallaci. Na kunna kwamfutar, na yi duk abin da zan yi da kibod kaɗai, da Tab da kibiyoyi da Enter. Ban kai hannu kusa da maus ba.

"Ranka ya daɗe," na ce wa mai unguwa, "ina so a buɗe ma'ajiyar ayyukan yarinyar nan a gaban kowa. In ni na buɗe za a ce na yi wani siddabaru. A samu wanda jama'a suka yarda da shi."

Kowa ya dubi Malam Muntaka. Ya ɗan yi kawaici, ya gyara babbar riga ya zauna. Na nuna masa hoton ma'ajiyar a kan allo. Ya ɗora hannun dama a kan maus, ya ja shi a hankali har ya kai. Ni idona yana kan yatsunsa. Manuniya ba ta motsa ba. Yatsan tsakiya ne ya danna madannin dama sau biyu, ma'ajiyar ta buɗe lafiya lau.

"Madalla," na ce. "Rufe. Yahuza, zo ka buɗe mana ta kusa da ita."

Yahuza ya zo da kuzarinsa na mai kwas ɗin Kano. Ya danna, akwatin zaɓi ya fito. Ya sake, ya sake fitowa. Ya ɗaga maus ya hura cikinsa, ya buga shi a tebur, ya ce wannan baros ne mai haɗari, ya taɓa ganin irinsa. Na kira ɗaya daga dattawan kwamiti, tsohon ma'aikacin banki, shi ma ya gwada abin ya ƙi.

Sannan na yi musu bayani a taƙaice. Na nuna musu gurbin bahagwai a saitin, na nuna wayar da ta zagaya ta hagu, na faɗi abin da Laraba ta ce game da wuta.

"Tun ranar Lahadi maus ɗin nan a juye yake," na ce. "Duk wanda bai sani ba zai danna hagu ya ga ya ƙi, kamar yadda kuka gani yanzu. Mutum ɗaya ne ya zauna ya tafi kai tsaye ga madannin dama, domin ba ya so a lura akwai abin da aka taɓa. Malam Muntaka, wa ya gaya maka a juye yake?"

"Na ga yadda ka yi ne," ya ce.

"Ni ban taɓa maus ba tun da muka shigo. Kowa a nan shaida ne."

Alhaji Ɗanladi ya fara cewa ai Malam Muntaka ba bahago ba ne, shekara nawa suna cin abinci tare. Liman ya ɗaga hannu ya dakatar da shi.

"Bahago ne," in ji Liman. "Ni na ɗaure hannun nan da gefen rawanina, yana kuka ina ɗaurewa. Muntaka, me na yi maka?"

Malam Muntaka ya ɗago kai. Da ya fara magana muryarsa ba ta rawa, kamar ya jima yana bitar ta.

"Malam, ranar da ka kwanta ciwo wa ya ja sallah? Wa ya bi gida gida har aka yi wa masallacin nan daɓe? Da aka zo naɗa na'ibi ka tsallake ni ka ba ɗanka, wanda ni na koya masa tajwidi. Ko kira na ba ka yi ba ka ce in yi haƙuri."

"Ai da sai ka zo ka faɗa mini," in ji Liman.

"Tun ina yaro ban taɓa iya faɗa maka komai ba."

Na so in ji tausayinsa, na kuma ɗan ji. Amma na tuna ranar Litinin yana tsaye cikin taron nan da hannu a baya, yana kallo ana nuna yarinya da yatsa. Na tambaye shi wannan fa. Ya ce wallahi bai san firintar tana barin layi ba, bai yi zaton abin zai kai gare ta ba, da ya kai kuma ya rasa yadda zai yi.

A nan na ɗauka an gama. Ashe ban san mutanena ba. Dattawa suka ja mai unguwa gefe suka yi ƙus ƙus, suka dawo da hukunci. Malam Muntaka zai ajiye sakatarancin a ce don rashin lafiya. Yana da iyali, yana da ɗalibai, kuma bai kamata a ji cewa daga cikin kwamitin masallaci abin ya fito ba, musamman a irin wannan lokaci. Gobe za a sanar an gano wani ɓata gari ne daga waje, a bar maganar. Aka juyo gare ni aka ce in yi wa Allah in kama bakina.

"To ni fa, Baba?" Nanret ta tambayi mai unguwa. Shi ne karo na farko da ta yi magana.

"Ai ke an ce ba ke ba ce, 'yata. Ki buɗe shago gobe."

"A nan ciki aka ce. Mutanen waje fa? In aka ce wani daga waje, ni ce ta waje a unguwar nan."

Na ce ni ban yarda ba, na ce an rufa wa mai laifi asiri an bar marar laifi a rana, na faɗi maganganun da bai kamata in faɗa a gaban dattawa ba. Aka ce in yi haƙuri, yaro ne ni. Liman ya miƙe da sandarsa ya fita bai dubi kowa ba. Davou ya ce wa ƙanwarsa ta zo su tafi, ranar Asabar akwai motar Jos. Ban taɓa jin haushin garin nan kamar yammacin nan ba.

Nanret dai ta buɗe shagon ranar Juma'a, ta ce ba za ta bar aikin mutane a rataye ba. Na je na mayar mata da saitin maus na kafa wayar a ƙusarta. Ba wanda ya shigo. Masu wucewa suna kallon ƙofar su ɗauke kai. Aka tafi masallaci, aka yi sanarwar ɓata garin waje, aka sauko. Jama'a suka biyo layin a cike, na ga wasu samari sun rage tafiya suna nuno shagon da baki, na tashi na tsaya a bakin ƙofa.

Sai ga Liman ya ratso cikinsu, da rawaninsa na huɗuba bai ko je gida ba. Ya tsaya a ƙofar shagon ya yi sallama. Nanret ta fito ta durƙusa.

"Baba, akwai abin da za a buga ne?"

"Babu. Zama na zo yi. Fito mini da benci, ki kawo kujerarki nan kusa."

Ya zauna a bakin ƙofa, ita tana gefensa. A garin nan ba mai wuce Liman bai tsaya ya gaishe shi ba, kuma ba yadda za ka gai da babba ka tsallake wanda ke zaune tare da shi. Na farko ya zo ya durƙusa, Liman ya amsa, sannan ya nuna ta da carbi ya ce, "Ba ka ga 'yata ba?" Mutumin ya juya ya ce mata sannu da aiki. Na biyu bai jira an nuna masa ba. Samarin nan suka zo, Laraba ta zo, mai ɗakin hayar ya zo ya gaishe ta har da tambayar ya gajiya. Tana amsawa ɗaya bayan ɗaya, lafiya lau, lafiya lau, har muryar ta ƙi fita. Ta sa gefen ɗankwali ta rufe fuska, kukan da ba ta yi ba tun Litinin ya zo.

Liman bai ce ta yi shiru ba. Ya ci gaba da amsa gaisuwa a madadinta, bai tashi daga bencin ba sai da aka kira la'asar.